Farar Mota da Kunyar Inna

Ƙanena Adamu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya aiki, ya maiɗakinka da yara? Mu nan Pantami lafiya lau.

Ƙarin albashin nan mota ɗaya ta hannu zai iya saya, na kuwa ga biyu, duka masu gudu. Jar ce ta kwanta mini, amma kujerunta biyu kacal. Inna ta leƙa ta juya, ka san ba ta zama kusa da ɗan farinta. Sai na sayi farar.

Jiya na kai ta Kwadon, tana baya, mu biyu kaɗai. Can na ji ta ce, "A gaya wa direban nan ya rage gudu, akwai masu son ganinsa gobe."

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Yayanka,
Buba