Layin Shunayya a Hular Habu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Zango muna yadda kika bar mu, garin ne dai ya sake.

Inna, Kwatano ta yi baki. Tun da aka yi babban taron nan na ƙasa kowa ya zama mai magana, har masu zemijan, 'yan acaɓan nan, siyasa suke yi da fasinja a bayan babur. An sake tuta, jam'iyyu sun fito rututu, kowace da launinta. Zaren kore da na ruwan gwal sun yi wuya a kasuwa, masu ɗinkin tuta sun kwashe. Shunayya kuwa ba mai waiwayarta sai ni.

An kuma buɗe gidajen tsaro. Waɗanda aka kama lokacin boren ɗalibai suna ta dawowa, a rame, wasu ba haƙora. Na yi sintirin tasha har masu lodi suka san ni. Autanki Habu bai sauko daga kowace mota ba.

Kin tuna hular da muka ɗinka masa da zai shiga jami'a? Ni na cike koren, na zuba gwal ɗin, na kawo miki ina taƙama. Kika juya ta a hannu kika ce, "Gwal da kore duk manya ne, Rabi. In kika haɗa su kafaɗa da kafaɗa faɗa za su yi a kan mutum. Sa musu mai raba." Kika ɗauki allura, idonki ya riga ya fara hazo, kika bi tsakaninsu da layin shunayya siriri. Nan take koren ya yi sanyi, gwal ɗin ya daina ihu. Habu ya kifa ta a ka yana tsokanarki, wai ko shugaban ƙasa bai da irinta. Da ita a kansa aka tafi da shi.

Inna, hular tana hannuna yanzu.

Ranar Litinin da hantsi wani mutum ya yi sallama a zaure. Dogo ne, mai furfurar da ta riga shekarunsa, ya ce sunansa Malam Idi, direba ne a Godome kafin a tsare shi. Ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle ya buɗe a gabana. Koren ya koɗe, gwal ɗin ya dushe, shunayyar ta tsinke a wajen goshi, inda Habu ke kamawa in zai cire. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ya ce ɗakinsu ɗaya da mai hular a gidan tsaro can arewa. Ya ce mai hular ne ya ce masa, "Ka kai ta Zango, ka nemi gidan da ake sa shunayya tsakanin gwal da kore. Za su gyara."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na tare shi. Na ce bari in kawo ruwa. Na ce aikin zai ɗau lokaci, ya dawo Juma'a bayan masallaci. Ya sunkuyar da kai, ya ce to, baiwar Allah.

Tsoro nake ji, Inna. Ni da kike cewa bakina ya fi allurata kaifi, tambaya ƙwaya ɗaya ta gagare ni. Yaushe ya faɗa masa haka? Yana tsaye ya faɗa, ko yana kwance? In na ce ya rasu, sai in tuna ba a gyara wa mamaci hula. In na ce yana raye, sai farin ƙyallen nan ya faɗo mini a rai. Haka nake ta kai da komo.

Ban gaya wa kowa a gidan ba. Baba Tanko, ƙanin mahaifinmu, ya tambayi hular wa nake yi, na ce ta wani baƙo ce.

Na samo shunayya irin taki a wajen tsohuwar nan mai sayar da zare a bakin gada. Ina bin ramukan da allurarki ta bari, ban huda sabo ba. Aikin yini guda ne, amma na ja shi har yau Alhamis, don muddin ban gama ba, Habu yana nan da rai a wajena. Yanzu saura abin da bai fi faɗin farce ba.

Innata, in yana wajenki, ai kin riga ni sani. Ki riƙe mini shi, Allah ya yafe muku, ya haskaka kabarinku, ni kuma ya ba ni ƙafar tsayawa gobe. In kuwa ba ya wajenki, ya Allah, kan da muka auna hular nan da shi, ka dawo mana da shi ya sa abarsa.

Gobe ba zan tashi ɗebo ruwa ba. Zan zauna in ji.

Taki har abada,
Rabi, mai cike miki kore.