Ruwa Ya Cinye Littafin Awona

Awon bai ɓace ba! Wallahi ko na mutum ɗaya bai ɓace ba!

Af, yi haƙuri ƙanena, assalamu alaikum. Ina iyali? Yaya ƙafar Yaya Babba?

Ranar Talata bututun ruwa ya fashe a saman shagon ɗinkinmu. Littafin da na shekara tara ina rubuta awon masu kawo ɗinki, da ɗan rubutun nan nawa na makarantar yamma, ya jiƙe ya narke. Kwamfutar shagon ma ta mutu. Na zauna a kan buhun ƙyallaye ina ta salati.

Sai jikata, wadda ke riƙe da shagon yanzu, ta miƙo mini waya. "Tsoho, share hawayenka, ga mutanenka nan." Na duba, sai ga awon kowa a ciki. Har wuyan wani makanike mai kawo mana ɗinki, inci sha bakwai!

Ashe tuni ta kwafe awon duka a kwamfuta. Bara kuma, da za ta zaɓi kamfanin da zai adana mana bayanai ta intanet, ta ƙi mai arha don wuri guda yake ajiya. Ta ɗauki mai ajiyewa a garuruwa biyu, mai amsa waya in an kira. Ni kuwa har fushi na yi, na ce ba na ba baƙo amanar ƙugun mutane. Allah ya yi mata albarka.

Muna lafiya. Keken ɗinki biyu sun tsaya, ɗakin akwai danshi, tarin da nake yi kuma ɗan kaɗan ne, kada ka gaya wa Yaya.

Ku zo dukanku, in auna ku ɗaya bayan ɗaya, ku ga kafaɗunku a cikin waya da idonku.