Muryar Baba Ta Ƙi Buɗewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da abin da take ɗauke da shi. Ban kira ka a waya ba saboda ka san gidan nan, in ka yi raɗa a kicin sai an ji a ɗakin Baba, kuma ba na son ya ji wannan maganar.

Yaya, na shiga uku. Tunda likita ya ce aikin da za a yi wa Baba a maƙogwaro zai tafi da muryarsa gaba ɗaya, na yi yadda ka ce. Na ajiye rakodar da ka aiko a kan teburin gefen gadonsa, na danna jan maɓallin, ya yi ta magana. Ka dai san Baba, tsohon direban tirela, wanda in ya ƙwala kira a ƙofar gida har karen maƙwabta sai ya amsa. To ranar sai da ya canza riga ya fesa turare, kamar hoto za a ɗauke shi. Ya yi mana nasiha, ya ba da labaran hanya, ya yi wa jaririn da kuke jira magana tun bai zo duniya ba. Sai da muryar ta dushe ya tsaya, na sake danna maɓallin na kashe. Na manta ta a ɗakin, washegari na tarar batir ya mutu.

Yau na zare katin na sa a kwamfuta don in mayar da shi MP3 in turo maka, sai manhajar ta ce wai ba ta gane nau'in fayil ɗin ba. Na kashe kwamfutar na kunna, haka dai. Wata a wurin aikinmu ta ce in goge WAV a ƙarshen sunan in rubuta MP3. Da na yi, sai aka rubuto mini cewa fayil ya lalace. Ya lalace fa, Yaya! In sake zaunar da Baba ne? Ruwa ma da ƙyar yake haɗiya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Antinki tana gaishe ki.

Haba Auta, kwantar da hankalinki. Ita ƙawarki mai ba da shawara, ki gaya mata in an rubuta "sukari" a jikin gwangwanin gishiri, ba ya zama sukari. Mayar da sunan yadda yake, ki kwafi fayil ɗin ki turo mini, katin kuma ki adana shi kada kowa ya taɓa.

Ga abin da nake zato. Kowane fayil na sauti yana da ɗan bayani a farkonsa da ke gaya wa manhaja irinsa da tsawonsa da saurin da za a kunna shi. Rakodar ba ta kammala rubuta bayanin sai an tsayar da ita da kyau. Da alama ba ki kashe ta daidai ba, ta yi ta ɗauka har batir ya ƙare. Kayan suna cikin kwali, takardar jikin kwalin ce babu. In fayil ɗin yana da nauyi, magana tana ciki, ki sa a ranki an gama.

Kada ki sake wahalar da Baba. Bawan Allah yana fama da kansa, a ce ya maimaita nasiha saboda ɗan batir? Wannan aikin nake yi a gidan rediyo kullum, fayil bai taɓa gagara ta ba. Bari in sallami shirye-shiryen da ke kaina in zauna a kansa. Akwai sauran lokaci kafin ranar aikin.

Ki gaida Baba.
Yayanki

*

Yaya,

Salam. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

An yi wa Baba aiki. Numfashinsa ya sarƙe shekaranjiya da hantsi, muka ruga asibiti, likita ya ce ba za a jira ranar da aka sa ba. Na kira ka har na gaji, wayarka a kashe kana ɗakin watsa shiri. Ya farfaɗo, alhamdulillahi, sun ce aikin ya yi kyau. Amma Yaya, da ya buɗe ido ya gan ni, ya motsa baki zai kira ni, sai iska kawai ta fito ta bututun da ke wuyansa. Na ga tsoro a idon Baba. Ni ban taɓa sanin yana da irin wannan kallon ba.

Kwana da kwanaki yana zaune a gida da muryarsa, rakoda tana cikin jakata da sabon batir, ka ce kada in wahalar da shi. Na bi maganarka. Yanzu abin da ya rage mana duk duniya shi ne wannan fayil da ke hannunka. Ya rubuta mini a ɗan allon da nas ta ba shi, yana tambaya ko ka ji saƙon jikansa. Na ce masa kana gyarawa.

Don Allah ka bar duk abin da kake yi.
Auta

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Fayil ya buɗe. Na sa manhajar ta karanta shi ɗanyensa, ba tare da neman bayanin farko ba, ni kuma ina canke. Da farko shuuu kawai nake ji kamar ruwa a kan kwano. Na canza, sai murya ta fito siririya da gudu kamar ta yara. Na yi ta rage sauri har ta zauna. Har na miƙe zan yi ihun murna, sai na ji abin da aka fara faɗa. Muryarki ce, kina cewa, "Shi ke nan Baba, na kashe."

Auta, irin wannan rakoda sau biyu ake danna ta. Dannawar farko shiri ne kawai, jar fitilar tana ƙiftawa. Ta biyu ce ɗauka. Duk nasihar, duk labaran, duk saƙon jariri, babu ko kalma ɗaya. Lokacin da kika zaci kin kashe, lokacin ta fara ɗauka. Ba laifinki ba ne, ni na aiko na'ura ban yi bayani ba, kuma kin rubuta mini yadda kika danna a wasiƙarki ta farko, na karanta na wuce.

Abin da ke ciki shi ne abin da ya biyo bayan fitarki. Yana cire riga yana mita wai wuyanta ya shaƙe shi. Yana faɗa da fanka. Ya ƙwala miki kira a kawo shayi, ya ce ya yi sanyi, ya shanye. Ya ce da kansa, "Injiniyan banza, bai zo ba sai na'ura ya aiko." Na yi dariya har da hawaye.

Daga nan ɗakin ya yi tsit. Can sai ya fara kiran sunaye a hankali, shi kaɗai. Na marigayiya Mama, naki, nawa. Sai ya koma kan "jikana", yana gwada shi kala-kala, yadda ake kiran yaro daga bakin titi, yadda ake tsawata masa, yadda ake rarrashinsa. Ana cikin haka muryar ta karye. Baba ya yi kuka, Auta, kuka sosai. Na cire abin kunne na fita waje, abokan aiki suna tambayata ko mutuwa aka yi.

Bai san ana ɗauka ba, bai kuma ba mu izini ba. Ina ganin in yanke wurin shayi da fanka mu ajiye, sauran in goge. Kada ki gaya masa komai tukuna.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Kada ka goge komai. Na karanta wasiƙarka a barandar asibiti, na wanke fuska na shiga, amma Baba kallo ɗaya ya yi mini ya ɗauki allo ya rubuta, "Me ya faru?" Na gaya masa duka, har da wancan wurin. Na zaci fushi zai yi. Sai ya yi mini alama in ba shi takarda da biro. Ga hoton abin da ya rubuta, ka yi haƙuri da rubutun, hannun akwai allurar ƙarin ruwa.

Auta

*

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Nasihar da ta ɓace kada ta dame ku, dama ba ji kuke yi ba. Sauran kuma ban yarda ka yanke komai ba, ko tari, ko zagin da na yi maka, ko wancan wurin. In yaron ya girma a kunna masa duka.

Amma ni za a fara kunna wa. Ka kawo da kanka, kada ka turo. Jiya na so in tuna yadda muryata take in ina kiran sunanka, na kasa.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinka