Kwalbar Ruwan da Babo Ya Ɗebo

Sarajevo, ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga ƙanena Sakib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Nermina da yara, Ya kuma ba ka sauƙin ciwon bayan nan da kake yawan fakewa da shi. Mu nan sai godiya. Maigidana Midhat yana nan da tabarsa da gardamar ƙwallo, inna Fikreta kuwa an yi mata aikin ido, har tana zura zare a allura da kanta. 'Yarka Ilhana jibi za ta hau jirgin komawa Melbourne. Yarinya ce mai hankali, ban dai san inda ta gado shi ba. Na zaɓi takarda ne don a waya da na ɗauko magana sai ka ce layi ba kyau. Maganar mahaifinmu ce, Babo, wanda ranar Asabar saura ƙiris mu rasa shi.

Ilhana ce ta ce tana son ganin tsohon gari kafin ta tafi, amma aljihun ɗaliba gare ta, kuma ta rantse ba za ta bari in kashe mata ko sisi ba. Na ce daidai ruwa daidai tsaki. Muka ƙulla burodi da cuku da tumatir da ragowar zuma a 'yar kwalba, muka shirya duk inda ake yankar tikiti mu kalle shi daga waje, sauran kuma a ƙafa. Sai Babo ya ce atafau sai ya bi mu, wai shi zai nuna wa jikarsa garin, ba mu 'yan jiya ba. Na hana, don ka san halin zuciyarsa. Ya ɗora baƙar hularsa, ya ɗauki sanda, ya zauna bakin ƙofa ya ƙi kallona. Na sallama, na jefa ƙwayar da yake sa wa ƙarƙashin harshe cikin jakata, tunda shi mantawa yake yi da ita.

Muna sauka daga jirgin ƙasan cikin gari bai kai mu ko'ina ba sai famfon nan na jikin katangar masallacin Beg. Ya tara hannu ya sha, ya ce wa Ilhana ta matso, wanda ya sha ruwan nan ko ina ya je sai ya dawo. Yarinya ta yi murmushin kunya, ta ɗaga gorar ruwanta ta kanti, ta ce babanta ya gargaɗe ta kada ta sha ruwan kan titi. Haba Sakib! Ruwan da ka taso kana sha har kana jiƙa riga Mama na dukanka? Na ga fuskar Babo ta sauya. Ya goge gemu kawai, ya ce ba komai, ruwa ba ya fushi. Daga nan muka zaga hasumiyar agogo da layin maƙeran tagulla.

Da rana ta take muka zauna a benci bakin kogi, kusa da tsohon zauren majalisar gari, muka ci guzurinmu. Ilhana ta roƙe ni in ɗauke ta hoto a kan gada. Na bar Babo a inuwa da jakar abinci, na ce kada ya motsa. Wallahi ba mu daɗe ba. Muna dawowa sai benci da jaka, babu Babo, babu sanda, ƙwayarsa kuma tana rataye a kafaɗata.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba tun bayan yaƙi. Abu na farko da na yi shi ne leƙa kogi, Allah Ya yafe mini. Muka kutsa kasuwa, baƙi cike maƙil ga zafi kamar bakin tanda, ina tambayar duk wanda na sani. Wani maƙeri ya ce mini wai tsofaffi masu baƙar hula sun fi tattabaru yawa a kasuwar nan, in zaɓi ɗaya in tafi da shi. Da ba don Ilhana ta ja ni ba, da ya sha mari. Na tura ta da gudu ta hau tudu zuwa maƙabarta ko ya je wurin Mama, ta dawo tana haki, babu shi. Na kira Midhat, maimakon ya taimaka sai ya ce ai ga irinta nan, na ja tsoho yawon rana don rowar kuɗin tasi. Ɗan sandan da muka samu ya ce mu duba asibitoci. Ilhana tana kuka ta ce ko ta kira ka, na ce ta kira ka ka yi me daga can?

Na zauna a dakalin wani shago na buɗe jakar abinci in nemi ruwa. Sai na ga kwalbar zumar nan da muka gama sharewa da burodi ba ta ciki. Wa zai saci kwalba ya bar cuku? Nan take na gane. Ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa, ranar na yi.

Yana zaune a ƙasa gindin katangar masallaci, rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi, wata mai sayar da burek, gurasar nan mai nama a ciki, tana yi masa fifita da kwali. Kwalbar tana tsakanin gwiwoyinsa, ya wanke ta tas, ya cika ta, ya ɗaure murfi. Matar ta ce ta yi ta yi ya kurɓa daga ciki ya ƙi, wai ba nasa ba ne. Na tura masa ƙwaya, na hau shi da faɗa ina kuka. Da numfashinsa ya dawo ya ce in daina tara masa jama'a. Ya ce ruwan ba na yarinya ba ne, naka ne. Wai ranar da aka fitar da kai lokacin yaƙi, cikin gaggawa da harbe-harbe, ba wanda ya tuna ya kawo ka nan ka sha na bankwana, Mama ta yi ta maimaita haka har ta rasu. Ya ce shi ya sa ka kasa dawowa, kada in ƙara zaginka a gabansa, yaro ba shi da laifi. Ilhana ta tashi ta tara hannu biyu a famfon, ta sha, ta sha, har ruwa na bin wuyanta.

Ya kwana biyu a asibiti, yanzu yana gida. Likita ta ja ni gefe ta ce zuciyar ta gaji, ba ta yi mini alkawarin zai ga ƙarshen sanyin bana ba. Kwalbar na naɗe ta cikin safarsa ta ulu, tana tsakiyar akwatin Ilhana, kullum sai ya tambaye ni ko murfin ya ɗauru.

Sakib, ni ban yarda ruwa yana sayen tikitin jirgi ba, kuma ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Jana'izar Mama ka ce takardun tafiya, bara ka ce ciwon baya. Amma ka duba wannan: shekara talatin tsohon nan yana yi maka uzuri da ruwan da ba ka sha ba, yanzu ya aiko maka da uzurin a kwalba. In ka sha ba ka zo ba, ba shi da sauran abin da zai faɗa wa kansa. Don haka kada ka buɗe ta sai tikiti na hannunka.

Ka gaishe mini da Nermina, da ɗanku Tarik da ƙaramarku Esma. Midhat da inna Fikreta suna gaishe ku. Babo ya ce in gaya maka gadon kwananka na nan inda yake. Allah Ya haɗa fuskokinmu kafin dusar ƙanƙara ta sauka, amin.

Yayarka mai jiranka,
Razija