Jandarman Hanyar Maraɗi

Daren Laraba, Lafia.

Ɗazu muka dawo bayan sadakar uku. Jikina duk ciwo, amma barci ya ƙi zuwa. Da na rufe ido sai fuskar jandarman nan.

Kwanakin baya Kawu Sale, ƙanin Inna, yana kwance rai a hannun Allah a Maraɗi, shi ya sa na ɗauki Inna a motata muka kama hanya. Mun wuce boda lafiya. Gab da shiga gari wani jandarma ya busa mini usur. Na miƙa masa lasin da takardun mota, komai a cike. Ya jujjuya su, ya cusa a aljihu, ya koma gindin bishiya ya zauna.

Na bi shi ina roƙo, yana amsa mini da Faransanci. Inna da kanta ta fito tana dogara sanda, ta ce, "Ɗana, ka dubi Allah, ƙanena ne ba lafiya." Ko kallonta bai yi ba. Can wayarsa ta yi ƙara, sai ga Hausa tar a bakinsa, yana tambayar matarsa me ta dafa!

Sai bayan la'asar ya jefo mini takardun, ko laifina bai faɗa ba. Muna isa ƙofar gidan Kawu muka tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Inna ta ce in bar shi da Allah, kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma da ko hannun ƙaninta ta samu ta riƙe. Ni dai ban yafe ba.