Na Ce Kantin Kiri Ne, Ba Gaskiya Na Faɗa Ba

Zuwa ga Jami'ar Binciken Albashi da Awannin Aiki, wadda ta ziyarci wani kamfanin kafet a Annandale shekara takwas da suka wuce.

Ranki ya daɗe, gaisuwa tare da fatan kina lafiya. Ranar Asabar muka yi sunan jikata ta fari a College Park, har yau bakina ya ƙi rufuwa. A wurin taron, ubanta, ɗana Nasiru, barci ya ɗauke shi a zaune kafin a raɗa suna. Mutane suka yi ta dariya. Ni jikina sanyi ya yi, domin irin haka abokin aikina Isa yake yi kafin ya rasu.

Na ɗaya. Isa ɗan garinmu ne, tare muka yi aiki a kamfanin. Shi yana shimfiɗa kafet a manyan gidajen haya da ake ginawa, kamasho ake biyansa, yana wuce awa saba'in a mako ba tare da kuɗin obataim, wato na ƙarin awanni, ba. Mai kamfani ya ce doka ta ɗauke biyan obataim daga kan kantin kiri, wanda ke sayar wa jama'a ɗai-ɗai, idan ma'aikacinsa ɗan kamasho ne.

Na biyu. Na yi shekara ashirin ina kasuwanci a Kano, na san sari, na san kiri. Kamfaninmu sari yake yi, tirela-tirela, 'yan kwangilar gini yake sayar wa. Amma a gaban sito aka yanki ɗan ɗaki, aka jera samfurin kafet, aka ajiye na'urar karɓar kuɗi da ba ta ma aiki, aka zaunar da ni da kwat. Sai in yi mako guda ban ga mai saye ba.

Na uku. Da kika zo, kin tambaye ni ko jama'a na sayayya a nan. Na ce suna yi, domin haka aka umarce ni, kuma ina tsoron rasa aiki. Kika rubuta, na sa hannu. Lokacin ban iya karanta Turanci ba. Sai da na yi makarantar yamma ta manya na ɗauko kwafin da kika ba ni, na karanta, na gane abin da maganata ta jawo: da ita aka tabbatar cewa kamfanin kantin kiri ne, su Isa ba su da obataim. Bayan zuwanki da wata biyar Isa ya yanke jiki ya faɗi a kan matakala, a hawa na huɗu, da naɗin kafet a kafaɗa. Ni na yi masa wanka. Kafaɗar nan ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Har yau idan na zo alwala ina jin ta a hannuna.

Na san ajali ne. Amma ni na kai Nasiru wannan aiki, kuma motar da Isa ya bari ita yake tuƙawa.

Ina roƙonki ki dawo. Kada ki tsaya a ɗakin gaba, ki zagaya baya inda ake lodi, ki nemi rasitai ki ga su wane ne masu saye. A soke shaidata ta farko. Na shirya rantsuwa, ko da za a hukunta ni a kan ƙaryar da na yi. Nasiru ya roƙe ni kada in rubuta, yana tsoron kora. Na ce masa idan an kore shi zan ciyar da gidansa da fanshona.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya ba ki ikon yin adalci.

Wassalam,
Haruna Inuwa