Na Rufe Waldar da Baƙin Fenti

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, domin ranar Alhamis motar da zan ba ki labarinta za ta sake hawa dutse. Ban san ta inda zan fara ba. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa.

Ni mai walda ce. Na san kin ɗaga gira, kowa haka yake yi. Babana ya yi shekara talatin da wani abu yana sana'ar, bai haifi namiji ba, ni ce na taso a gindinsa ina miƙa masa guduma. Da wutar walda ta cinye masa ido, shagon ya dawo hannuna. Shekara biyu ina zaune ina gyaran ƙafar kujera da marfin tukunya, domin babu direban da zai yarda mace ta shiga ƙarƙashin motarsa. Wasu har lekowa suke yi su tambaye ni ina mai shagon ya tafi.

Abin da ya canza mini rayuwa shi ne ɗan injin walda mai batir da na saya bara. Bai fi jakar makaranta girma ba, ina ɗaure shi a bayan babur. Mota ta karye a daji, inda babu wuta babu janareta, sai a kira ni in je in same ta. Manyan masu walda ba sa iya ɗaukar injinansu su shiga can, ni kuwa ina shiga. Mutumin da ya fara kirana shi ne wani direba da ake ce wa Dogo, mai tuƙa jif ɗin wani ƙaramin asibiti. Duk mako yana hawa da unguwarzoma da ma'aikata biyu zuwa ƙauyukan bayan dutse, in zai sauko kuma yakan sauko da mata masu ciki waɗanda haihuwarsu ta zo da gardama. Dogo ya yarda da ni a lokacin da ko mijina yana ganin wasa nake yi.

Makonni uku da suka wuce ya kira ni da azahar. Ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba ya karye masa a cikin wani busasshen rafi, taya ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma. Ranar na riga na yi aiki biyu, batirin injina ya yi ƙasa, amma na tafi. Na kwanta a cikin yashi na haɗa ƙarfen, na yi waldar sama ta yi kyau. Ina juyowa ɓangaren ƙasa sai fitilar injin ta koma ja, wayar walda ta fara manne wa ƙarfen tana tofi. Duk mai sana'ar nan ya san ma'anar haka: wutar ba ta ratsa ba, narkakken ƙarfe ne kawai ya zauna a kai kamar an shafa. Na lallaɓa na ɗiga abin da zan iya, injin ya mutu. Na ce wa Dogo ya tafi a hankali, ya sauka lafiya.

Gwaggo, ga inda laifina yake. Babana yana da doka. Duk waldar da aka yi a daji a kan abin da ke riƙe da rai, sitiyari ko birki, sunanta waldar kai-ni-gida. Ba a goge ta, ba a gyara mata fuska, sai a shafe ta da jan fenti mai muni, yadda duk makanikin da ya leƙa ƙarƙashin motar zai yi ihu ya ce a cire wannan. Kullum da gwangwanin jan fentin a jakata. A rafin ma na shafa.

Washegari Dogo ya kawo motar ƙofar shagona da direbobi kusan shida a bayansa, yana ba su labarin yadda na cece shi. Ban taɓa ganin maza da yawa haka a shagon ba tun Baba yana gani. Sai wani mai walda na bakin tasha, wanda ba ya ko amsa gaisuwata, ya durƙusa ya leƙa, ya tashi yana dariya. Ya ce jan fentin nan shaida ce ko ita ba ta yarda da aikin hannunta ba, mace dai mace ce. Raina ya ɓaci. A gabansu na ɗauko injin gurza ƙarfe na goge jan fentin, na lailaye waldar ta yi sumul, na fesa mata baƙin fenti. Wallahi in kin gani sai ki ce daga kamfani ta fito. Suka yi ta tafi. A raina na ce gobe zan kira Dogo a gefe in gaya masa gaskiya.

Goben nan ce har yau ba ta zo ba. Asibitin sun riga sun ce a kawo sabon ƙarfe, Dogo ya je ya ce musu a bari, aikin ƙanwarsa ya fi sabo ƙarfi. Haka yake kirana, ƙanwata. Yanzu a tasha yakan ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa wurin waldar don mutane su ji. Sau biyu na ce masa ya kamata dai a canza, ya yi dariya ya ce in daina ƙanƙan da kai. Ban iya buɗe baki na ce masa ƙasan waldar fanko ne ba. Aiki kuma ya buɗe mini, wayata ba ta hutawa, kuma duk wanda ya kira sai ya ce Dogo ne ya ba shi lambata.

Sau biyu motar ta hau ta sauko, Allah ya tsare. Amma an fara ruwa, hanyar ta zama ramuka, kuma akwai wata kwana a gangaren dutsen da in sitiyari ya saki babu abin da zai tare mota sai ƙasan kwari. Abinci ba ya shiga bakina. Baba yana zaune a ƙofar shago yana jin ana yabona yana murmushi, ni kuwa na kasa zama kusa da shi.

Na yi tunanin in ce masa ya kawo motar in duba wani abu daban, in sake waldar a ɓoye. Na ma yi tunanin in lalata wani abu a injin don kada ta tashi ranar Alhamis, Allah ya yafe mini. Idan na faɗi gaskiya, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, Dogo ma zai sha kunya a wurin aikinsa, kuma ba za a sake barin wata mace ta taɓa mota a garin nan ba. Gwaggo, akwai hanyar da zan gyara wannan abu ba tare da kowa ya sani ba? Ga lambar wayata a ƙasa, amma don Allah kada ki buga ta a jarida.

Taki cikin damuwa,
Mai Walda

AMSA

'Yata, wasiƙarki ba irin wadda ake ajiyewa sai ranar bugawa ba ce, shi ya sa na tura miki wannan amsa ta waya a ranar da ta iso. Ina buga ta a nan ne saboda masu irin sana'arki.

Amsar tambayarki ita ce a'a, babu wannan hanyar. Na tambayi wani tsohon makanike da na yarda da shi, ya ce ƙarfen sitiyarin da ya karye aka yi masa walda, ko da an yi ta da cikakkiyar wuta, ba abin ci gaba da hawa dutse da shi ba ne. Sake waldar a ɓoye ƙara rufe matsalar ne kawai. Lalata injin kuwa, ki cire shi daga ranki. Motar da ke ɗauko mata masu naƙuda ce, in ta kwana a gari ranar Alhamis wata ce za ta biya, kuma ranar Juma'a ƙarfen yana nan yadda yake.

Bari in ba ki haƙƙinki. Abin da kika yi a rafi daidai ne. Da batirin da ya rage miki kika fitar da mutane daga daji, kika gargaɗi direba, kika sa alama. Kuma na san zafin maganar da aka gaya miki, mun ji irinta a namu wuraren aikin. Tsoronki ma ba na banza ba ne: wasu za su yi dariya, wasu za su daina kiranki na ɗan lokaci, mai waldar tasha zai samu abin faɗa har ya gaji. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba za ki yi asara ba. Sai dai kin goge alamar ne don mutum ɗaya ya yi shiru, kuma waɗanda ke ɗauke da nauyin wannan shirun ba su san an yi ba.

Ga abin yi. Yau, ba gobe ba, ki samu Dogo shi kaɗai. Kada ki sake ce masa ya kamata a canza, wannan lafazin ne ya sa yake ɗauka kunya ce ke damunki. Ki ce masa batir ya mutu kafin ki gama, ƙasan waldar bai kama ba, kin sani tun ranar, kuma kin rufe. Ki sa shi ya kwanta ya kalli wurin da kika nuna masa. Zai ji haushi, yana da gaskiya, ki bar shi ya ji. Daga nan ku tafi tare wurin mai kula da motocin asibitin, ki faɗa da bakinki cewa laifin naki ne, Dogo ya yi magana ne bisa abin da kika nuna masa. Haka za ki kare masa mutuncin da kike tsoron zubarwa. In ya ƙi zuwa, ki tafi ke kaɗai. Kada motar ta motsa sai da sabon ƙarfe, in bai samu kafin Alhamis ba su nemi wata motar.

Mahaifinki kuma ki gaya masa kafin ya ji a bakin direbobi. Zai yi faɗa, amma ina kyautata zaton mutumin da ya kafa irin wannan doka ya taɓa ganin abin da ya sa ya kafa ta. Nan gaba kuma ki riƙa tafiya da batir na biyu, in babu ki faɗa wa mai mota iyakar abin da za ki iya tun kafin ki kunna inji.

Sunan mai sana'a yana faɗuwa ya tashi, na ga haka sau da yawa. Matar da za a kwantar a bayan motar nan kuwa ba ta san sunanki ba, ba za ta taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, kuma ba ta da wanda zai yi magana a madadinta sai ke, domin ke kaɗai kika san abin da ke wurin. Ki ajiye wayar nan ki tafi neman Dogo.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa albarka a hannunki, ya sauko da su gida lafiya.

Gwaggonku